Wasiƙa zuwa ga tsohon ɗakin kwamfuta na sashenmu

Ya kai tsohon ɗakinmu,

Gaisuwa irin ta wanda aka yi zaman amana da shi. Na san ba ka nan. Ginin dai yana tsaye, ƙofar ƙarfen ma ba a canza ta ba, amma abin da ya sa muke kiranka ɗakin kwamfuta ya tafi, kuma ko sallama ba a yi da shi ba. An yi maka fenti, an shimfiɗa tayil, an jera sababbin na'urori sahu-sahu, kowacce da katako tsakaninta da 'yar'uwarta, an mai da kai wurin rubuta jarrabawa. Tun daga 2015 da jarrabawar shiga jami'a ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya, makarantu da dama suka ga akwai abin samu a irin wannan ɗaki, mu ma muka bi sahu. Kwamfutocin da ke cikinka yau sun ninka na da, sun kuma fi su ƙarfi nesa ba kusa ba. Sai dai dokar farko a cikinka yanzu ita ce kada kowa ya yi magana, ta biyu kuma kada kowa ya dubi allon maƙwabcinsa. Da waɗannan abubuwa biyu da aka haramta ka koya mana duk abin da muka iya.

Na daɗe ina koyar da tsaron manhaja, kuma duk shekara ina ƙara gane cewa abin da nake fama in ɗura wa ɗalibai a aji, kai ka ba mu shi tun kafin mu san yana da suna. Shi ya sa na ga ya kamata in rubuto maka, a fili, inda yaran da ba su taɓa ganinka ba za su iya karantawa.

A bakin ƙofa ake tuɓe takalmi, saboda ƙura. Idan hunturu ya kama, mai kula da kai yakan bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya da tsumma, in an tashi ya lulluɓe su da leda. Akwai babban littafi a kan teburinsa, kowa ya rubuta sunansa da lambar na'urar da zai hau da lokacin da ya shigo. Na'urorin ba su kai yawanmu ba ko kusa, don haka a kan guda sai ka tarar da mutum uku ko huɗu: wannan na bugawa, wancan na karanto masa daga takarda, sauran sun leƙo ta kafaɗa suna jiran a yi kuskure su nuna. In an ɗauke wuta sai akwatin batirin da ke ƙarƙashin tebur ya fara kuka, mai kula da kai ya ɗaga murya ya ce kowa ya adana aikinsa, ɗaki ya kaure da ƙarar madannai, sannan allunan su mutu. Ba a watsewa. Sai a koma kan takarda, a ci gaba da gardama a kan inda shirin ya karkace, har a dawo da wuta ko a kira salla.

Takardar nan kuwa ita ce asalin karatun. Lokacin da mutum yake samu a kan na'ura bai taka kara ya karya ba, saboda haka ba mai zuwa ya zauna gabanta yana sake-sake. Tun a ɗakin kwana ka rubuta shirinka da biro, da Pascal ko FORTRAN, ka ja layuka ka yi jadawali, kowace lamba da gurbinta, ka bi shirin layi-layi kai ne injin, kana rubuta abin da kowane gurbi ya ƙunsa bayan kowane mataki. Idan shirin zai zagaya sau goma, da hannunka za ka zagaya da shi sau goma. A nan mutum yake fara yi wa kansa tambayoyin da tsaro ya ginu a kansu. To idan mai amfani da shirin ya shigar da sifili fa, alhali za a raba da shi? Idan ya rubuta suna inda ake jiran lamba? Idan gurbin na haruffa ashirin ne, shi kuma ya zuba hamsin? Babu wanda ya ce mana waɗannan tambayoyin tsaro ne. Mun dai san na kusa da mu zai gwada su a kan shirinmu da gangan, don ya ga ya faɗi a yi mana dariya, saboda haka gara mu riga shi.

Wanda ya yi makarantar allo ya san tsarin: ba a wanke allo sai an biya a gaban malam, kuma kafin ka isa gaban malam na gefenka ya riga ya ji ka, ya gyara maka wasali. Haka shirin kwamfuta yake a cikinka. Ba ya fita sai ya ratsa idanu da yawa. Daga ƙarshe a buga shi a doguwar takardar nan mai huji a gefe da gefe, malami ya tafi da ita gida, ta dawo da jan biro har kan sunayen da ka raɗa wa gurabanka.

A cikinka na fara ganin ƙwayar cutar kwamfuta. Faifan fulofi ne abin hawanta, ɗan ƙaramin nan mai inci uku da rabi wanda ba ya ɗaukar abin da ya wuce megabait 1.44, wato hoto ɗaya na wayar yau ma ba lalle ya shiga ba. Mai kula da kai ba ya yarda faifan kowa ya shiga na'ura sai ya bi ta tasa ya bincika tukuna, ko na farfesa ne. Ina tuna shi yana ɗaukar faifan da ake tayar da na'urori da shi, ya sa farce ya ture ɗan makullin da ke kusurwa, ramin ya buɗe, ya ɗaga mana shi a haske ya ce, “In kun ga rami a nan, ba abin da zai iya rubuta kansa a ciki.” Ba shi da babban digiri, amma ƙa'idar da ya nuna mana da farcensa ita ce nake kwashe makonni ina bayani a kanta yanzu: abin da ba ya bukatar a taɓa shi, a kulle shi, kuma kada a ba kowa ikon da ya wuce na aikinsa. Ranar da cuta ta kutso duk da haka, littafin bakin ƙofa ne ya yi rana. Aka duba wa ya hau na'ura ta kaza, wa ya biyo bayansa, aka bi mutane har ɗakunan kwana aka karɓo faifai aka wanke. Ba a kori kowa ba, ba a kuma kunyata kowa ba. Shi ya sa daga baya duk wanda ya ga alamar cuta a faifansa da kansa yake kawowa.

Zamani ne da ko mai ƙirƙirar cutar yana da fuska. Ƙwayar da ake kira Brain, wadda ta ɓulla a 1986 kuma ake lissafa ta a matsayin ta farko da ta bazu a kwamfutocin IBM da ire-irensu, wasu 'yan'uwa biyu ne suka rubuta ta a Lahore ta Pakistan, kuma a cikinta suka sa sunayensu da adireshin shagonsu da lambar tarho.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai na wancan zamanin a ɗakuna irinka ya faru, a Amurka. A daren 2 ga Nuwamba, 1988, wani ɗalibin babban digiri na Jami'ar Cornell, Robert Morris, ya saki shirin da ke kwafar kansa daga kwamfuta zuwa kwamfuta. Intanet ta lokacin ba ta wuce na'urori kimanin 60,000 ba, galibi na jami'o'i da cibiyoyin bincike, kuma an ƙiyasta cewa kusan 6,000 sun kamu. Hanyoyin da ya bi ba wani siddabaru ba ne. Yana gwada kalmomin sirri masu sauƙi, yana bin amanar da na'urori suka ba wa junansu ta shiga ba tambaya, sannan akwai wata 'yar manhaja da ke ba da bayanin masu amfani da na'ura, wadda in aka zuba mata rubutun da ya fi ƙarfin gurbinta sai ya malala cikin ƙwaƙwalwar injin. Tambayarmu ce ta haruffa hamsin a gurbin ashirin. Shirin ya kuma ƙi yarda da na'urar da ta ce ta riga ta kamu, sau ɗaya cikin bakwai sai ya sake shiga, wannan ne ya sa kwafe-kwafensa suka taru suka shaƙe na'urori. Su wa suka kashe gobarar? Malamai da ma'aikata da ɗalibai ne a Berkeley da MIT da Purdue, suka hana idanunsu barci suna warware shirin gaɓa-gaɓa, suna kiran juna ta tarho domin saƙon intanet ya cushe, har cikin 'yan kwanaki aka san yadda yake aiki aka fitar da gyara. A watan ne aka kafa cibiyar kai ɗauki ta CERT a Jami'ar Carnegie Mellon. Morris ya fuskanci shari'a, aka same shi da laifi a 1990, daga baya kuma ya zama farfesa a MIT. Abin da nake so ɗalibaina su lura da shi a labarin shi ne, waɗanda suka ceci al'amarin mutane ne da suka saba zama tare suna karanta shirin da ba su suka rubuta ba.

Ba na so in ɗora wa karatu abin da ba zai iya ɗauka ba. Ken Thompson, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro Unix, ya riga ya nuna iyakarsa a laccar karɓar lambar yabo ta Turing da aka ba shi tare da Dennis Ritchie a 1983, aka kuma buga ta a 1984. Kowane shiri da muke rubutawa sai wata manhaja ta fassara shi zuwa harshen inji. Thompson ya nuna cewa ana iya gurɓata wannan mai fassarar, ta riƙa saka ɓoyayyiyar ƙofa duk lokacin da ta fassara shirin shiga na'ura, ta kuma riƙa saka gurɓatar a cikin kanta duk lokacin da aka sake gina ta, sannan a share kowace alama daga rubutun da ido ke gani. Ka karanta har ka gaji, ba za ka ga komai ba. Abin da ya fitar daga wannan shi ne, duk yadda aka yi, sai an kai matakin da mutanen da suka rubuta manhajar kake amincewa da su. Ranar da na fara fahimtar laccar nan, kai na tuna. Abu biyu ka haɗa mana wuri guda: mun karanta shirin, mun kuma san mai shirin. Mun san wanda yake gaggawa, mun san wanda ba ya sakin aiki sai ya bi shi sau da yawa, mun san wanda in ya ce “na gwada” to ya gwada ɗin.

Yau ɗalibi zai buga umarni guda a laftof ɗinsa, cikin ɗan lokaci ɗaruruwan ƙunshin manhaja su sauko masa daga hannun mutanen da bai san ko sunansu ba. Ba na ganin laifin aron aikin wani. Duk malamin tsaro na kirki zai hana ɗalibi ƙirƙirar tasa hanyar ɓoye saƙo, ya ce ya ɗauki wadda masana suka daɗe suna jarrabawa. Damuwata ita ce kowa ya ɗauka wani ya karanta. A watan Maris na 2016 wani marubucin manhaja ya janye wani ɗan ƙunshi mai suna left-pad daga rumbun npm, layi goma sha ɗaya kacal, sai ga dubban ayyuka a duniya sun kasa ginuwa, da yawan masu su ba su ma san sun dogara da shi ba.

Wannan kuwa ƙaramin abu ne idan aka kwatanta da na watan Afrilun 2014, lokacin da aka gano ɓarakar da aka sa wa suna Heartbleed a manhajar OpenSSL, wadda ke kulle zance tsakanin burauza da shafukan intanet masu ɗimbin yawa. Na'ura takan aika wa 'yar'uwarta ɗan saƙo, ta faɗi tsawonsa, ta ce a maido mata shi don ta tabbatar layin bai yanke ba. Manhajar ba ta duba ko tsawon da aka faɗa ya yi daidai da abin da aka aiko. Sai mai kutse ya aika harafi guda ya ce tsawonsa dubbai ne, ita kuma ta cika masa ragowar da duk abin da ke kusa a ƙwaƙwalwarta, har kilobait 64 a kowane bugu, ciki har da kalmomin sirrin mutane. Wani ɗalibin digirin digirgir a Jamus ne ya rubuta sashen da kyakkyawar niyya, mutum ɗaya ya duba masa, aka karɓa a ranar ƙarshe ta 2011. Shekara biyu kuskuren yana fili, rubutun a buɗe ga duk mai so, ba wanda ya kula. An ƙiyasta shafuka kimanin rabin miliyan ne abin ya shafa. Lokacin ne duniya ta ji cewa gudummawar da masu kula da manhajar ke samu ba ta wuce dala 2,000 a shekara ba. Ina da yaƙinin cewa da an ajiye wannan sashe a gaban mutum huɗun nan da ke leƙe ta kafaɗa a cikinka, da wani ya ce, to idan ya yi ƙarya a kan tsawon fa?

Na 2024 shi ya fi tsorata ni, domin a nan ba kuskure aka yi ba. Akwai wata manhajar matse fayil da ake kira xz, wadda kusan kowace na'urar Linux ke ɗauke da ita, kuma shekara da shekaru mutum ɗaya, Lasse Collin, ke kula da ita a lokacin hutunsa ba tare da albashi ba. Wajen ƙarshen 2021 wani da ya kira kansa Jia Tan ya fara aiko da ƙananan gyare-gyare masu kyau. Wasu sunaye kuma suka riƙa matsa wa Collin lamba, suna cewa aiki na tafiyar hawainiya, ya nemi mataimaki. Sannu a hankali aka miƙa wa baƙon makulli. Da ɗan gari akan ci gari, shi kuwa wannan sai da ya yi haƙurin shekara biyu yana mai da kansa ɗan gari. Da ya samu dama sai ya dasa ɓoyayyiyar ƙofa, ya ɓoye ta a fayilolin gwaji da tsarin gina manhajar, inda mai karanta rubutun yau da kullum ba zai kai ido ba. Da ta kai ga manyan bugun Linux da kamfanoni ke amfani da su, da mai ita ya iya shiga uwayen garke bila adadin. Abin da ya hana shi ne wani injiniya mai aiki da Microsoft, Andres Freund, yana wani gwaji na daban sai ya lura shiga na'urarsa ta nesa ya ƙara jinkirin rabin daƙiƙa. Bai ce ƙila layi ne ba. Ya bi sawu har ya tono ta, ya sanar a ranar 29 ga Maris. Wannan hali na ƙin barin ɗan abin da bai gamsar ba ya wuce, ba a samunsa a takardar lakca. A zama da mutanen da ke da shi ake ɗaukarsa.

Mu 'yan jami'a ma ba mu fita ba. A watan Afrilun 2021 masu kula da Linux suka dakatar da karɓar gudummawa daga Jami'ar Minnesota baki ɗaya, bayan wasu masu bincike a can sun aika musu da gyare-gyare masu ɓoyayyen lahani da gangan, don su auna ko za a gane, ba tare da neman izinin kowa ba. Sai da aka koma aka sake bin ɗaruruwan gyare-gyaren da suka taɓa fitowa daga jami'ar. Masu binciken sun nemi afuwa, sun kuma janye takardarsu. Ina ganin abin da ya kai su ga haka shi ne sun manta cewa a ɗaya gefen akwai mutane masu ba da lokacinsu. Wanda ya taɓa zama kafaɗa da kafaɗa da mai duba masa aiki, da wuya ya yi masa irin wannan.

Bari in ba ka labarin 'ya'yanka na yanzu. Idan lokacin kare aikin kammala digiri ya zo, galibin abin da suke kawowa shafin rajista ne: na ɗalibai, na asibiti, na kantin magani. Ya yi kyau a ido fiye da duk abin da muka taɓa yi a cikinka. Nakan roƙi ɗalibin ya ba ni madannan, in je gurbin suna in rubuta Sa'adatu, ko Mu'azu, ko Isma'ila. Sau da yawa sai shafin ya tsaya cak, ya watso saƙon kuskure daga rumbun bayanai. Ɗan waƙafin saman nan da ke tsakiyar sunan ne ya jawo, domin a harshen SQL shi ne alamar rufe zance, kuma ɗalibin ya manna abin da aka buga kai tsaye cikin umarnin da ke zuwa rumbun. Idan sunan ƙanwarka zai iya karya umarnin, to mai mugun nufi zai iya rubuta nasa umarnin a wannan gurbi ya kwashe komai. An san wannan kafa tun ƙarshen shekarun 1990, maganinta kuma layi biyu ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Abin da ke sosa mini rai shi ne shekara huɗu yaron nan ya yi a cikinmu, kuma ni ne mutum na farko da ya taɓa zama a gaban shirinsa da niyyar karya shi. In na buɗe rumbun sai in tarar da kalmomin sirri a rubuce ɓaro-ɓaro. In na nuna wani layi na ce wannan me yake yi, sai ya sunkuyar da kai ya ce, “Malam, haka ya zo.” A da daga shafukan intanet yake zuwa. Tun daga ƙarshen 2022 da ChatGPT ta fito, daga ƙirƙirarriyar basira yake zuwa, a tsare, da bayani mai daɗin ji, wani lokaci daidai, wani lokaci da tsohuwar kafar a ciki.

Ba na zargin yaran. Sun fi mu wayo da na'ura, kuma a kaɗaice suka yi karatunsu, kowa da laftof ɗinsa a ɗakin haya, yana lissafin data da cajin batiri. Wasu ma a waya suke rubuta shiri. Yajin aikin malamai ya cinye musu wata tara a 2020, ya sake cinye wata takwas a 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, in an dawo kuma a matse semesta a yi ta gudu, abin da ake fara yankewa shi ne aikin hannu. Ajin da a da ake sanin kowa da sunansa ya zama taron ɗaruruwa. Malamin da zai zauna ya bi shirin ɗalibi da jan biro ya san ba a ƙirga wannan ranar ƙarin girma, takardun da ya wallafa ake ƙirgawa.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ciwo. Wani ɗalibi ya taɓa samuna a ofis bayan kowa ya watse, ya rufe ƙofa, ya nuna mini a wayarsa cewa a wani shafin makaranta in ka canza lamba ɗaya a adireshin, sakamakon wani ɗalibin ne zai fito, har da hotonsa. Na ce ya kai rahoto. Ya ce, “Malam, in na faɗa za a ce ni na yi kutse.” Tsoronsa a kan hanya yake. Muna da dokar laifuffukan intanet tun 2015, kuma ta dace da barnar da 'yan damfara ke yi, amma makarantu da ma'aikatu ƙalilan ne suka tanadi ƙofar da mai gaskiya zai bi ya ce na ga ɓaraka, a gode masa. A cikinka wanda ya kawo gurɓataccen faifai da kansa ana yaba masa ne. Yanzu wanda ya ga ɓaraka yakan ja bakinsa ya yi shiru, ita kuma tana nan tana jiran wanda ba shi da tsoron Allah.

Kai ma kana da naka aibun, ba zan ɓoye ba. Mai ƙarfin hali ke kame madannai, mai kunya ya ƙare semesta yana kallo. 'Yan mata sun fi kowa cutuwa, domin lokacin da na'ura ke samuwa shi ne bayan magariba, su kuwa dole su koma masauki ko gidajensu, kuma ba kowacce za ta kutsa cikin cincirindon maza ba. Manhajoji da yawa a cikinka na kwafe ne ba lasisi. Kalmar sirri guda ake rabawa, wani lokaci ma a rubuce take a jikin bango. Ba na roƙon a dawo da ƙarancin na'ura, ba na kuma kewar fulofi, wanda kamfanin Sony ma ya daina ƙera shi tun 2011. Ƙarancin ne dai ya tilasta mana zama tare, mu kuma da wadata ta zo ba mu tsaya mun tambayi kanmu abin da zaman yake ba mu ba, muka bar shi ya tafi tare da tsofaffin na'urorin.

Tun da wasiƙar buɗaɗɗiya ce, ka yi mini izini in juya ga shugabannin sassa da 'yan'uwana malamai. Ku ware ɗaki guda da ba na jarrabawa ba, mai wuta da tebura masu faɗi, ko da kowa da tasa na'urar zai zo, a buɗe shi da rana sosai yadda ɗalibai mata za su samu rabonsu, a sa ma'aikaci mai kishi a bakin ƙofa, a kuma biya shi haƙƙinsa. A kowane kwas na rubuta manhaja a ware maki ga wanda ya karanta shirin ɗan'uwansa ya gano inda zai karye, kada kuma a karɓi aikin kammala digiri sai wasu ɗalibai biyu sun gwada karya shi sun sa hannu. Wanda ya yi amfani da ƙirƙirarriyar basira kada a hana shi, a dai zaunar da shi ya bayyana kowane layi da bakinsa. Sannan jami'a ta rubuta a fili cewa ɗalibin da ya kawo rahoton ɓaraka cikin gaskiya ba za a hukunta shi ba, ta faɗi ofishin da zai je. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke bukatar sabon gini ko jiran kuɗi daga Abuja. Taron sashe guda ya isa a yanke shawara, a fara daga semesta mai zuwa.

Wassalam.